Juma'ar da Na Je Jidda Kallon Ƙwallon Abba

A kwana na huɗu da saukarmu Makka na tare Alhaji Mudi a bakin lif ɗin masaukinmu. Shi ne ejan ɗin da ya kwaso mu daga Kano zuwa umra, kuma fasfo ɗinmu duk suna cikin wata baƙar jaka da ko banɗaki ba ya shiga sai da ita. Na gaishe shi da kyau, na ce ranar Juma'a ina son ya ba ni nawa, zan je Jidda in dawo kafin isha'i.

"Hajiya Uwani, me kika ajiye a Jidda?"

"Ƙwallo zan je kallo."

Ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Da ya ga fuskata ko gezau, sai ya rage murya. "Hajiya, mu bar wasa. Na ga takardunki tun a Kano, na san an taɓa yi miki tarhil. Duk wadda ta ce mini za ta je Jidda ta dawo, ban ƙara ganin ƙeyarta ba, ni ake bari da hukuma. Ki nemo wata ƙaryar. Ƙwallo? A ƙasa mai tsarki, da shekarunki?"

Ta wani gefen yana da gaskiya. Na yi takari a Jidda shekara goma sha ɗaya, wato zaman da ba takarda, ina soya waina a unguwar Karantina. A can na yi aure, a can na haifi Abba, wanda sunansa na yanka Haruna. Yana ɗan shekara shida jawazat, 'yan sandan shige da fice, suka kwashe mu a bakin kasuwa, ni da tanda a hannuna. Ubansa yana da iƙama, wato takardar izinin zama, yaron yana kan takardarsa, don haka suka zauna. Ni aka sa ni a jirgi da kayan jikina. Wannan shi ne tarhil, kuma shekara goma sha takwas ke nan.

Ɗa a waya ba ɗa ba ne cikakke. Hausarsa ta dinga zubewa shekara bayan shekara, har hirarmu ta koma ina wuni, lafiya lau, alhamdu lillahi, sai mu yi shiru muna jin numfashin juna. Wata rana ya turo mini hoto, kansa cikin hular kwano mai raga a fuska, kafaɗunsa sun kumbura kamar an cusa buhu. Na kira shi a firgice na ce soja ya shiga? Ya yi dariya, ya ce ƙwallon Amurka ce, su da wasu samari baƙi 'yan ƙasashe daban-daban suke bugawa a Jidda. Ranar ya fi rabin awa yana magana, rabi Hausa rabi Larabci, ni ban gane komai ba, amma ban taɓa jin muryarsa da rai haka ba. Washegari na je wurin mai shagon caji na bakin layinmu a Fagge na ce ya cika mini waya da wannan wasan.

Da farko don Abba nake kallo. Daga baya abin ya shiga jinina. Yau ko daga barci ka tashe ni zan gaya maka ƙoƙari huɗu ake ba ku ku ci yadi goma, in kun kai ƙwallo ƙarshen fili maki shida ne, in wani ya riƙe rigar wani alƙali zai jefa ƙyalle rawaya. Har ƙungiya gare ni a can Amurka, wadda take ƙona mini rai duk shekara kuma na kasa rabuwa da ita. Matan layinmu suka sa mini suna Uwani mai ƙwallon gwanda, don ƙwallon kamar gwanda take. Su faɗa, ko a jikina. Su da suke kwana uku suna gardama a kan auren 'yan fim, ban ce musu komai ba.

Sau uku ina yi wa Abba alkawarin zan zo in gan shi a fili. Na farko aka hana ni biza, na biyu mahaifiyata ta kwanta ciwo, na uku wani ejan ya ɓace da mu. A tsakanin nan ubansa ya rasu, ya binne shi shi kaɗai. Bayan alkawari na uku ya daina ɗaukar wayata. Sai a shafin ƙungiyarsu nake ganinsa, mai lamba hamsin da huɗu, cikin masu tare hanya. A shafin na ga an sa wasan ƙarshe na bana ranar Juma'a bayan la'asar, an kuma rubuta masa ban kwana, wai daga wannan ya ajiye hula saboda gwiwa. In ban gan shi ranar ba, ba zan taɓa ganinsa a fili ba. Ban gaya masa ina Makka ba. Na yi alkawari da baki sau uku, na huɗun na sha alwashi da ƙafa zan yi shi.

Alhaji Mudi bai tsaya a hana ni fasfo ba, har mata biyu ya sa a ɗakina su dinga lura da ni. Ranar Juma'a da hantsi muka fita gaba ɗaya zuwa Harami don a sami wuri. Cunkoson bakin ƙofa ya raba mu, ni kuma ban yi wahalar neman su ba. Na juya na fuskanci Ka'aba daga nesa na ce, Ya Rabbi, Ka san ba gudu zan yi ba. Daga ni sai katin ƙungiyarmu a wuya, da 'yar jaka mai sunan kamfanin Alhaji Mudi, da atamfata shuɗiya da mayafi.

A bayan wata tasha na sami masu ƙananan motoci suna kiran Jidda, Jidda. Na shiga ta wani siririn mutum mai jan rawani, muka yi da shi zai kai ni Balad, tsohon gari. Ya karɓi kuɗinsa tun kafin ya tada mota. Muna tafe ina kallon duwatsu, sai ya dube ni ta madubi ya ce, "Hajja, fen jawaz?" Ina fasfo. Na nuna masa katin wuyana. Ya ci gaba da tuƙi. Muna shiga bakin Jidda ya tsaya a wani gidan mai ya buɗe ƙofa.

"Inzili. Mafi jawaz, mafi Balad." Wai in sauka, ba fasfo ba zuwa Balad.

Na ce ai da ya tambaya kafin ya karɓi kuɗin. Ya yi kamar bai ji ba. Larabcina na kasuwa da na zaci ya mutu, sai ga shi ya taso duka, na wanke shi tas har sauran fasinjoji suna sunkuyar da kai. Amma zagi ba ya tuƙa mota. Ya ja abarsa ya bar ni a tsaye, rana tana dukan tsakar kaina, ga shi ana shirin Juma'a, shaguna duk suna sauke ƙofa. Wani mai shara ɗan Bangaladash, sanye da rigar aiki, ya daɗe yana kallona daga inuwa. Ya zo ya miƙo mini robar ruwa mai sanyi, ya ce, "Moya, Mama." Shi ya tsayar mini da tasi, ya yi wa direban bayani da hannu da ƙafa. Ban san sunansa ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Ban ce a kai ni fili ba, don ban san inda yake ba. Layina na gida ba ya aiki a can, abin da nake da shi hoton filin ne kawai da na ajiye a waya. Dabarata ita ce in je Karantina wurin Ladi, aminiyata da muka yi zaman ɗaki ɗaya, ta haɗa ni da wanda ya san gari. Direban ya dube ni sau biyu da na ambaci unguwar, amma ya kai ni.

Babu Karantina. Na sha jin ana rushe ta, ban dai zaci duka ba ne, kuma ji daban, gani daban. Fili ne fetal, sai ƙasa da ɓaraguzai da iska mai warin teku. Na tsaya ina neman lungun da nake kafa tanda, da ƙofar da Abba ya fara tafiya yana dafa ta, ban ma gane gabas ba balle lungu. Kuka ya taso mini. Na haɗiye shi, don direban yana kallona kuma ban zo Jidda in yi wa baƙo kuka ba. Na koma mota na ce Balad.

A Balad duk inda tattabaru suka taru za ka sami mutuniyarmu tana sayar da hatsi. Na sami ɗaya a gindin wani tsohon gini mai tagogin katako, ta rufe fuska ruf, amma zaman da ta yi na Bakatsiniya ne. Na yi mata sallama da Hausa. Ta dubi katin wuyana, ta dubi jakata, ta yi zumbur ta miƙe.

"Ke baiwar Allah, cusa wannan katin cikin riga! Yau kika sauka?"

Na ce Ladi nake nema, Ladi 'yar Gumel, mai kitso. Ta ce ai kowa ya san Ladi, tana unguwar Bani Malik tun da aka tashe su daga Karantina. Ta bar wa maƙwabciyarta hatsin, ta riƙe hannuna kamar mai jan makauniya, ba ta sake ni ba sai a hawa na uku na wani gida a Bani Malik.

Ladi ta yi ƙiba, ta yi haƙorin Makka biyu, amma muryarta tana nan. Ta rungume ni muka yi kuka, na gaske wannan karon. Mata huɗu suka fito daga ɗakuna, aka kawo shinkafa da kaza, aka kawo shayi. Ina cikin ci na ji an zare katin daga wuyana. Kafin in haɗiye loma an juye jakata a cikin leda, an tura jakar da katin ƙarƙashin katifa, wata ta kawo baƙar abaya ta ɗora mini a kafaɗa.

"Alhamdu lillahi, Uwani, kin dawo gida," in ji Ladi. "Kin zo a sa'a. Akwai wata Madam a Ruwais tana neman shagala, 'yar aiki mai iya girki, ba ruwanta da iƙama. Kwana uku za ki yi a ɗakin nan ko taga kada ki leƙa, har ejan ɗinku ya gaji da nema. Daga nan halas, shi ke nan."

Na ce, "Ladi, ba zama na zo ba. Ƙwallon Abba na zo kallo, bayan la'asar. Yau zan koma Makka."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Wata har da tafi. Ladi ta share hawaye ta ce, "Uwani ba ki canza ba. To ajiye wannan, in jawazat suka tare ki sai ki gaya musu. Nan ba munafuki, duk 'yan gida ne."

Na rantse, na maimaita, na ciro waya zan nuna musu. Ba wadda ta duba. A wurinsu mace ba ta baro ayarin umra ba fasfo, ta zo Jidda da katin wuya, sai in zama ta zo yi. Kowaccensu haka ta zo, kuma kowacce ranar farko ta yi irin wannan rantsuwar don tsoro, aka rufe ta a ɗaki har tsoron ya wuce, yau tana gode wa wadda ta rufe ta. Alheri suke yi mini iyakar saninsu. Ladi ta sa abayarta ta ce za ta je ta yi magana da Madam, sauran kuma kowacce ta tafi wurin aikinta. Na bi ta zuwa ƙofa ina magana, ta ce ana samame a unguwar kwanan nan, in yi haƙuri. Sai na ji ƙarar makulli daga waje.

Na bugi ƙofar nan har tafin hannuna ya yi zafi. Alhaji Mudi ya tsare ni don yana zaton zan gudu, aminiyata ta kulle ni don tana zaton na gudo, duk duniya ba wanda ya yarda tsohuwa za ta iya son abu don kanta. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban yi ba tun ranar da aka sa ni a jirgi. Ina nan tsaye aka kira la'asar.

"Ke mai bugun ƙofa, zo nan."

Ashe akwai mutum a ƙuryar ɗaki. Wata tsohuwa ce a kan katifa, ta shige cikin bargo, idonta ɗaya ya yi fari. Ta ce sunanta Inna Delu, daga Gusau, ta zo aikin hajji tun tana da ƙarfinta ba ta koma ba.

"Nuna mini abin da kike ta cewa."

Na zauna kusa da ita na buɗe wani guntun wasan su Abba da na ajiye. Ta kawo wayar dab da idonta mai gani.

"Wannan ai dambe ne."

"Ba dambe ba ne, Inna. Kin ga wancan mai ƙwallo a hammata? So yake ya wuce. Kin ga wannan mai hamsin da huɗu? Aikinsa ya hana shi."

A wayar Abba ya ɗauke mutumin ya maka da ƙasa. Inna Delu ta ce, "Kai! Allah Ya isa tsakaninsa da ɗan mutane." Ta ce in mayar, na mayar. Sau uku tana kallo. Ta tambaye ni me ya sa suke tsayawa suna haɗa kai, na ce shawara suke yi. Ta tambaye ni ƙyallen da aka jefa, na yi mata bayani. Ta ajiye wayar a cinyarta.

"Wadda ta zo takari ba ta san wannan shirmen haka ba," ta ce. "Naki ne?"

"Nawa ne. Yana ɗan shekara shida rabona da shi."

"Ni 'ya'ya uku na bari a Gusau. Ƙaramar tana goye a bayan yayata ranar da na taho. An ce yanzu tana da jika." Ta sa hannu cikin wuyan rigarta ta jawo wani zare mai makulli. "Ladi ta ba ni saboda gobara. To ga gobara. In kin sauka ki buga ƙofar ƙasa ta dama, ki ce Usman ya kai ki, ni na ce."

Na jawo jakata da katina daga ƙarƙashin katifa, na mayar da katin wuyana a saman riga, na ninke abayar na ajiye. Na durƙusa zan yi godiya, ta ce in tashi in ba ta wuri, lokaci yana tafiya.

A matattakala na yi kiciɓis da Ladi tana hawowa. Ta ga katin, ta ga atamfar, ta ware hannu ta tare hanya.

"Uwani, kin haukace? Haka za ki fita? Wallahi akwai motar jawazat a bakin titi!"

"Su gan ni. Bizata tana da rai, katina ga shi. Ladi, shekara goma sha ɗaya na yi a garin nan ina bin bango, in na ji jiniya in faɗa lungu, ɗana yana kuka ina toshe masa baki. Yau ɗaya dai zan bi tsakiyar titi. Matsa mini."

Ta dube ni ta daɗe. Ina jin a lokacin ne ta yarda. Ta matsa jikin bango, ta ce a hankali, "Ki gaishe shi. Ni na yi masa wanka yana jariri, ko ya manta."

Usman magidanci ne haifaffen Jidda, kakansa ne ya zo daga Haɗeja da ƙafa. Yana da ƙaramar motar ɗaukar kaya. Ya dubi hoton filin ya ce, "Aiwa, na san shi, ya khala. Filin madrasa ne, can shimal, arewacin gari, hanyar Ubhur. Ba'id shwayya, da ɗan nisa. Yalla, shiga." Da ya ji labarina ya ce zai jira a tashi, ya mayar da ni Makka da kansa kafin isha'i. A bakin titi kuwa ga motar jawazat a tsaye. Na sauke gilashi na dafa hannu a taga, na dube su ido cikin ido. Ko kallona ba su yi ba, shayinsu suke sha. Har na ɗan ji haushi.

Hanyar ta yi mini tsawo. Garin da na sani ya ɓace a ƙarƙashin gadoji, rana tana sauka ta wajen teku, ni kuwa ina lissafin zangon wasa a raina. Zango huɗu ake yi. Na ce yanzu sun gama na farko, yanzu sun tafi hutu. Duk jan wutar da ta tsayar da mu sai na ji kamar in sauka in tura motar. Usman yana ta ba ni labarin kakansa, ni ina ce masa taka mai.

Mun isa ana cikin zango na huɗu. Ba wani babban fili ba ne, ciyawar roba ce da benci hawa biyar, 'yan kallo ba su cika shi ba. Larabawa, Turawa, 'yan Filifin, Sudanawa, mata da maza da yara. Amma ƙarar da na ji tun daga ƙofa, ta hula tana karo da hula, ita ce wadda na shekara biyar ina ji ta cikin 'yar waya. Ban hau benci ba, na tafi har bakin layi na riƙe ƙarfen shinge.

Ga shi nan. Hamsin da huɗu, cikin koriyar riga. Ya fi ubansa tsawo, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, yana nuna wa 'yan uwansa inda za su tsaya. Na bar shi yana shan majina, yau shi ke ba ƙarti umarni. Allon maki ya nuna su Abba suna gaba da uku, ƙwallo a hannun abokan karawa.

Aka tashi wasa. Abba ya kutsa zai kai ga mai jefa ƙwallon, sai wani ƙato mai farar riga ya cafki rigarsa ta baya ya riƙe, a gaban alƙali, ƙiri-ƙiri. Alƙalin ya tsaya da ƙyallensa a ƙugu kamar an dasa shi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ya riƙe masa riga! Jefa ƙyallen, makaho! Riƙo ne wannan, ko a Fagge riƙo ne!"

Duk benci aka juyo ana kallon tsohuwa mai shuɗiyar atamfa. Abba ma ya juyo. Ya tsaya cak a tsakiyar fili, hannuwansa a sake. Aka sake tashin wasa yana nan yana kallona, mai ƙwallo ya bi ta gefensa ya wuce salin alin har ƙarshen fili. Maki shida, kuma ni na jawo.

"Dubi gabanka!" na daka masa tsawa. "Ni ba inda za ni!"

Ya girgiza kai kamar wanda aka watsa wa ruwa. Da ƙwallo ta sake komawa hannun masu fararen riga, sau biyu a jere yana kai mutum ƙasa, na biyun har hular mutumin ta fita tana gangarawa. Na yi guɗa, irin ta gidan biki, wata Baturiya a bayana ta tsorata ta zubar da lemonta. Amma lokaci ya ƙure musu. Aka busa tashi, an ci su Abba da uku. Ban yi nadamar ihun ba, riƙo ne, kuma in an sake zan sake.

Suka yi layi suka gaisa da abokan karawa. Abba ya cire hula ya taho a hankali, 'yan ƙungiyarsa suna biye da shi. Ya tsaya taku uku daga inda nake. Fuskar mahaifina ce sak. Kocinsu, wani Bamisire mai furfura, ya dafa shi ya tambaye shi wace ce wannan.

"Ummi," in ji Abba.

Kocin ya saki baki. Ya dube ni, ya dube shi, ya ce, "Ummak? Ya Harun, mu gult Allah yirhamha?"

Larabcina bai mutu ba har da zan kasa jin wannan. Ba ka ce Allah Ya ji ƙanta ba? Na ji abin ya soke ni a ƙahon zuci, ya fi ranar tarhil ciwo, ya fi filin Karantina.

"Abba, ce musu ka yi na mutu?"

Ya sunkuyar da kai. "Ummi, tun ina madrasa. In na ce tarhil, suna tambaya. Lesh, kef, don me, ta yaya, yaushe tana dawowa. Ni ba amsa. In na ce rasuwa, khalas, kowa shiru."

Na so in kwaɗa masa mari, na kuma so in goya shi. Ɗan shekara shida ne ya ƙirƙiro wannan ƙaryar don ya sami sauƙi, ƙaton nan gadonta kawai ya yi. Amma ban ƙetare teku na zo a binne ni a tsaye ba. Na juya wurin Usman na ce ya fassara musu, kada ya rage ko kalma ɗaya.

"Ni ce uwar Haruna. Ban mutu ba. Waina nake soyawa a garin nan ba takarda, aka kama ni aka kore ni, yana ƙarami. Ban yi sata ba, ban yar da shi ba. Yau na dawo da ƙafata in ga wasansa, kuma na gani. Wanda yake da tambaya ya yi mini, ga ni."

Usman ya faɗa da Larabci. Ba wanda ya yi tambaya. Kocin ya dafa ƙirji ya ce ahlan wa sahlan. Wani ɗan Filifin mai wuya kamar turmi ya matso ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa, sauran suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, suna warin gumi da roba.

Abba ne na ƙarshe. Ya ajiye hular a ƙasa. Da kayan kafaɗar nan da gwiwar mai ciwo, da ƙyar ya kai ƙasa, amma ya durƙusa har gwiwa biyu a gaban kowa.

"Ummi, sannu da zuwa."

Na ɗora hannu a kansa, ya jiƙe sharkaf. Kafaɗunsa suka fara rawa. Na bar shi ya yi mai isarsa, ni ma ban hana nawa zuba ba.

"Daga yau in an ce ina uwarka, me za ka ce?"

Ya share fuska da bayan hannu, ya ɗago ya dube ni.

"Tana Kano," ya ce. "Tana da rai. Tana da faɗa."